Wata 8 da suka raba ni da fansho

Shekara 9 da wata 4 na yi ina koyarwa a firamare kafin mutanen mazaɓarmu su matsa min in fito takarar kansila. Ranar da na kai takardar ajiye aiki, wani dattijon akawu ya buɗe fayil ɗina, ya ƙirga da yatsa, ya ɗago kai ya ce, "Malam, wagga gaugawa ta mi? Wata takwas fa sunka rage maka." Na yi dariya na ce, "Baba, ai zaɓe ba ya jira." Bai ƙara magana ba, ya buga hatimi.

A tsohon tsarin da muke ƙarƙashinsa, shekara 5 ta aiki tana ba mutum garatuti, shekara 10 kuma ta ba shi fansho wata-wata har ƙarshen rayuwa. Ba wai ban san wannan ba. Abin da na ɗauka shi ne shekarun kansila za su hau kan na koyarwa, tunda duk ƙaramar hukuma ɗaya ce, sakatariya ɗaya. Ban tambayi kowa ba, kuma babu wanda ya faɗa min haka. Ni na kitsa wa kaina.

Na ci zaɓe, na yi wa'adina lafiya. Sai da muka sauka na je bin haƙƙina aka warware min: kansila mai muƙamin siyasa ne, ba ma'aikacin gwamnati ba, don haka ba shi da fansho. Abin da yake da shi kuɗin sallama ne, wanda hukumar rabon arzikin ƙasa, RMAFC, ta yanke a kan kashi 300 cikin 100 na albashin shekara. A baki kamar wata dukiya. To amma tsurar albashi ake nufi, ban da alawus, alhali alawus ɗin ne ke sa kuɗin kansila su yi auki. Namu ma guntu-guntu aka riƙa ba mu, yau a ce a dawo bayan salla, gobe a ce fayil yana sama. Kafin kason ƙarshe ya fito, na farko ya tafi wajen biyan bashin kamfe.

Kuma kujera ce ke tafiya, sunan "Honarabul" ba ya tafiya. Har yau da asuba nakan tarar da mutum a zaure da takardar asibiti, ko mai suna, ko mai neman gero da azumi. Ba za ka ce masa ka sauka ba, ƙuri'arsa ya ba ka.

Abin da ke ci min rai ya fi kuɗin sallamar. Zaɓen kansila zagayowa yake yi. Da na bar wancan zagayen ya wuce na cike wata 8, da na fito a na gaba da fanshona a hannu. Kujerar ba gudu za ta yi ba.

Ko da nake kan kujerar ma akwai mafita. Tun watan Maris na 2019 hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ta fito da tsarin ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu, inda a lokacin aka ce mutum na iya cirar kashi 40 na abin da ya tara in buƙata ta taso, kashi 60 kuma ya zauna sai ritaya. Ban waiwaye shi ba sai da na koma noman albasa a fadama. Ragowar sallamata injin ban ruwa na saya da ita, kuma duk lokacin da na fitar da albasa ina zuba wani abu a asusun. Kaɗan ne, kuma na makara.

Kwanaki wani matashin malami ya zo neman shawara, shi ma an ce ya fito. Na ce ya kawo takardar ɗaukarsa aiki, muka ƙirga tare a kan tabarma: shekara 9 da wata 1. Na ba shi labarina kaf, har da na akawun nan. Ya ce, "Honarabul, na gode, zan yi tunani." Ranar Juma'a na ga fastarsa manne a bangon masallaci.