Birkin gaba

Laraba. Na fito da wuri, gari ya yi luf bayan ruwan daren jiya, ina jin daɗin jikina. Abin da ya sa nake son keken nan ke nan, ba giya ba tarkace, ka taka ya tafi. Motoci sun cushe, ni ko ina ta ratsawa ta gefe abina.

A gangaren nan na kusa da wurin aiki abin ya faru. Wata mata ta ɓullo daga bayan motar da aka faka, riƙe da hannun 'yarta. Na damƙe birkin baya iya ƙarfina. Taya ta kulle tana jan ƙasa, bayan keken ya karkace, amma tafiya bai fasa ba. Sai da na zuba ƙafafu biyu a kwalta. Da na tsaya, tsakanin tayar gaba da takalmin yarinyar bai kai taki ɗaya ba. Ɗan takalmi ja, igiyar ɗaya ta kwance. Uwar ta kalle ni, ta ja 'yarta suka wuce, ko uffan. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Aiki dai an yi shi. Ban riƙe komai daga taron ba.

Da yamma na biya wajen Kawu, na fara ba shi labari ina ɗora wa laimar titi laifi. Bai tanka ba. Ya miƙa hannu ya matsa birkin gaba, hannun birkin ya tafi salin-alin har ya taɓa kan keken.

"Ina wayar?"

Na ce ta tsinke, Kawu, an yi sati uku. Na ce ai dama ba na taɓa shi, tun muna yara ake cewa birkin gaba shi ke wuntsila mutum.

Ya jawo nasa keken ya ce in tura shi a ƙasa in kama na baya. Taya ta tsaya, keke ya ci gaba da silalewa. Ya ce to kama na gaba. Cak ya tsaya, har baya ya ɗaga. Ya ce, "Ka gani? Duk sanda ka ja birki nauyinka gaba yake komawa. Tayar baya sakayau take zama, da me za ta kama ƙasa? Da na baya kaɗai, rabin birki gare ka, ɗana." Ya ce masu wuntsilawa fizga suke yi da hannu sake. A matsa a hankali sannan a ƙara, a ƙanƙame hannuwa, a ja jiki baya kan sirdi.

Sannan ya duƙa ya nuna min robar birkin bayan da nake taƙama da shi. Tsagin da ke jikinta duk ya shafe, ta yi sulɓi tana ƙyalli. Ga shi ƙarfen taya a jiƙe yake da safe, sai roba ta share ruwan tukuna kafin ta kama. Ya kuma tuna min nawa ba irin keken da feda ke haɗe da taya ba ne, wanda mutum zai iya turjewa da ƙafa. Ni in na daina takawa taya juyawarta take yi. Ko masu birkin taka feda baya, in ji shi, kaca na zamewa shi ke nan, shi ya sa ake son birki biyu da ba ruwan ɗaya da ɗaya.

Abin da ya tsaya min a rai tambayarsa ta ƙarshe ce. "Sati uku kana bin hanyar 'yan makaranta a haka?" Ban sami amsa ba.

Na dawo gida na zauna ina lissafi. A gudun kilomita 20 cikin awa, mutum na cin fiye da mita 5 duk daƙiƙa, tun kafin yatsa ya kai ga birki. In gudu ya ninka, tazarar tsayawa sau huɗu take ninkawa, ni kuma a gangare nake. Sai na tuno abin da ya faru a Landan a 2016, wani saurayi a kan keke marar birkin gaba ya buge wata mata tana tsallaka titi, ta rasu. A 2017 aka yanke masa wata 18. Dokarsu ta Ingila birki biyu ta ce. Lokacin da na fara jin labarin har na ce wane irin ganganci ne wannan.

Kawu ya riƙe keken, sai ya sa waya da sababbin robobi. Ya ce ranar Asabar za mu je fili in yi ta gwada tsayawa har hannuna ya saba. Gobe a ƙafa zan tafi, kuma ta gangaren nan hanyar ta bi.

Sha ɗaya ta wuce, barci bai zo ba.