Yadda Zaɓin Bindigar Maharbi Ke Sauyawa da Shekaru

Matashin maharbi ƙarfi yake nema. Idonsa na kan manyan harsasai irin su .300 Winchester Magnum da aka fitar a 1963, ko 7mm Remington Magnum na 1962, don an ce suna cin nisa. Gaskiya ne suna ci, amma kafaɗa ce ke biyan kuɗin. Idan bindiga tana dukan mai ita da ƙarfi, jiki kan koyi tsoronta ba tare da ya sani ba: ido ya ƙifta, hannu ya fizge kafin harsashi ya bar baki, harbi ya kauce. Gwada wannan ba wuya. A wurin gwajin harbi, wani ya cusa wa maharbin harsashin wofi marar albarushi cikin na gaske, kada ya san gurbinsa. Idan ya ja kunama a kan na wofin, bakin bindigar ya yi ƙasa, to, ciwon ya riga ya kama shi. Ga shi kuma yawan albarushi na cinye maƙogwaron bututu, wato farkon ramin bututun bindiga inda harsashi ke fara bi, da wuri.

Daga nan yawanci sai a koma wa harsasai masu sauƙin duka irin su .308 Winchester, ko .270, ko tsohon 6.5x55 na 1894 wanda har yau ake harbin manyan namun daji da shi a Suwidin. Dabbar da harsashi ya samu a bayan kafaɗa, inda huhu da zuciya suke, ba ta yin nisa.

Nauyi ma sai an yi hattara. Ƙafa ta fara gajiya, mutum ya nemi bindiga marar nauyi, amma duk abin da aka rage na nauyi yana dawowa a duka. Bindiga mai kilo 2.7 ta fi mai kilo 4 bugun kafaɗa idan harsashinsu ɗaya ne. Don haka wanda zai rage nauyi, ya rage girman harsashi tare, ya kuma sa roba mai taushi a gindin ƙota.

Inda aka fi ganin canji shi ne ido. Daga shekara 40 zuwa 45 ido kan daina kama abu na kusa, sai saitin ƙarfe ya riƙa yin dishi-dishi, dole a ɗora madubin hange. A nan mutane da yawa ke asarar kuɗi. Ƙwayar idon saurayi tana buɗewa kamar milimita 7 a duhu, ta dattijo kuwa kamar 5. A raba faɗin gilashin gaba da ƙarfin jawowa: madubi mai 8x56, wato mai jawowa sau 8 da gilashin gaba na milimita 56, yana ba da haske mai faɗin milimita 7, wanda idon dattijo ba zai iya ɗauka duka ba, nauyi kawai yake dako. Mai gilashin milimita 40 a kan 8 ya ishe shi. Ya dai tabbatar akwai tazarar santimita 8 zuwa 10 tsakanin madubi da ido, don kada ya fasa masa gira.

Ƙotar katako tana da kyau a hannu, sai dai tana shan danshi ta kumbura, ta taɓa bututu, saiti ya gusa. Gogaggen maharbi kan zura takarda tsakanin bututu da ƙota kafin lokacin farauta. Idan ta wuce sumul har gindi, lafiya lau. Idan ta maƙale, a kai wa mai gyaran bindiga ya kankare wurin, ya shafa masa mai hana shan ruwa, sannan a sake saiti a mita 100.