Rabuwar aure a gida ba tare da zuwa gaban alƙali ba

A nan Sakkwato nakan zauna da iyalai in rubuta musu takarda idan miji da mata sun yarda su rabu. Auren Musulunci ba ya buƙatar kotu kafin ya mutu. A zaman da nake yi nakan nemi miji, waliyyin matar, shaidu biyu adalai da takarda.

Kafin in ɗauki biro nakan yi tambaya uku: saki nawa ya taɓa shiga tsakaninsu, tana cikin tsarki ko haila, kuma akwai ciki? Ta biyun ce ake jin nauyin yi, don haka wata dattijuwa nake sa ta tambayo. A mazhabar Malikiyya sakin da aka yi cikin haila ya auku, amma ana tilasta wa mijin ya mayar da ita.

Inda na fi ganin ana tuntuɓe shi ne rashin rubuta irin rabuwar. Idan saki ɗaya ne ko na biyu, miji na iya kome cikin idda, kuma ciyarwa da masauki suna kansa. Idan kul'i ne, wato ta fanshi kanta da dukiya, babu kome sai da sabon ɗaurin aure da sabon sadaki, kuma ba ta da ciyarwa sai in tana da ciki. Nakan rubuta kuɗin kul'in da lamba da kuma harafi, a miƙa su gaban shaidu. A fayyace ko lefe na ciki, domin shiru a kansa ya kai gidaje da yawa kotun da suka guje wa.

Kwanan wata na Hijira da na Miladiyya dole ne, saboda daga ranar ake lissafin idda: tsarki 3, wata 3 ga wadda ba ta haila, mai ciki kuwa sai ta haihu. Sai batun yara. Reno na uwa ne, ciyarwa ta uba, kuma ina dagewa a sa adadin kuɗi duk wata, don "zan riƙa yin abin da ya sawwaƙa" ba ya sayen ko mudun gero. Kayan ɗakinta nata ne.

Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a yi kwafi 3, a ɗauki hoton takardar a waya. Liman zai iya nemanta ranar wani auren.

Wanda ya yi auren rajista, wannan hanya ba ta isar masa. Dokar Najeriya ta shari'ar aure (Matrimonial Causes Act) ta 1970 ta ce Babbar Kotu kaɗai ke warware shi, ko da dukansu sun amince.