Littafin Ninki: Yadda Ɗigo da Layi Ke Ba da Labari

Duk wanda ya taɓa buɗe Alƙur'ani rubutun hannu irin na alarammomin Kano ko Borno ya san zayyanar da ke gefen shafi. Wannan ta izu ce, waccan ta sumuni, ga ta sujada can. Ba hoton komai ba ne, amma mai karatu yana ganinta ya san inda yake. Masu haɗa littafin fasaha, wanda shi kansa littafin ne aikin ba ma'ajiyar hotuna ba, da irin wannan dabara suke aiki: a bai wa siffa ma'ana, a riƙe mata ita har ƙarshe.

A 1965 wata mai zane 'yar Suwizalan, Warja Lavater, ta fitar da tatsuniyar Turawa ta yarinya mai jar hula a doguwar takarda mai ninki. Yarinyar jan ɗigo ce, kyarkeci baƙin ɗigo, daji kuwa tarin korayen ɗigo. A farkon littafin ta jera kowace alama da abin da take nufi, daga nan ta bar ɗigon suka yi aikinsu. Baƙin yana matsowa yana ƙara girma, tsoro ya shiga.

To a ce tatsuniyar Gizo da hankaki za ka ɗauka, shafi takwas. Gizo jan ɗigo. Hankaki baƙaƙen alwatika. Fuka-fukan da suka ara masa gajerun layuka ne kewaye da ɗigon. Kogi shuɗin layi mai faɗi da ya ratsa ƙasan takardar tun daga shafin farko, ɓauren tsakiyar ruwa kuma koriyar da'ira. Alama biyar ke nan, kada ka ƙara, domin da zarar sun kai bakwai ko takwas mai kallo zai riƙa komawa baya yana neman wane ne wane, labarin ya tsinke masa. Abu uku kawai za ka riƙa canjawa: girma, tazara da yawa. Haɗamar Gizo a kan ɓaure, sai ɗigon ya kumbura yana cin koren. Da hankakin suka ƙwace gashinsu, layukan su bar jikinsa ɗaya bayan ɗaya su koma wa alwatikan. Shafin da ya biyo baya a bar shi kusan fayau, jan ɗigo kaɗai a saman shuɗi. Sababbin hannu ba sa iya haƙurin barin farin fili, sai sun cika shi da ado, alhali a cikin wannan farin filin ne faɗuwar Gizo take.

Ninkin takardar ma yana cikin labarin. Ana ninke ta gaba da baya kamar yadda mai kanti ke ninke yadi, don haka ana iya buɗe ta shafi bibbiyu, ana kuma iya shimfiɗe ta gaba ɗaya. Dole zanen ya yi kyau ta hanyoyin biyu. Abin da kake so ya zo wa mai kallo ba zato, sa shi bayan ninkin da ya yi tudu. Layin da zai ƙetare ninki kuma, irin kogin nan, ja shi takardar na shimfiɗe, in ba haka ba ba zai haɗu ba.

Sai takarda. Nemi mai nauyin giram 200 zuwa 250 a kowane murabba'in mita. Wadda ba ta kai haka ba ba ta tsayawa da ƙafarta a kan tebur, wadda ta wuce 300 kuma tana tsagewa a ninki. Takardar inji zarenta duk gefe ɗaya ya kwanta, kuma ninki yana son bin zaren. Lanƙwasa ta a hankali ta tsaye da ta kwance, ɓangaren da ya fi saurin bi shi ne hanyar zaren. In ka ninke ta a gicciye, bakin zai yi kaushi, launi ya farfashe a kai.

Babbar takarda mai lamba A1 tsawonta santimita 84.1 ne, faɗinta 59.4. In zaren ya bi gajeren gefe ka huta: yanko tsiri mai 84 da 15, zai ba ka shafi takwas masu faɗin 10.5. In dogon gefe ya bi, yanko tsiri biyu ta gajeren gefen, ɗaya 58 ɗaya 56, kowanne shafi huɗu masu faɗin 14. Rarar santimita 2 ɗin ita ce leɓen da za ka manna a bayan na biyun, daidai kan ninki, don kada mahaɗar ta fito. Kada ka auna shafi ɗaya-ɗaya da rula, kuskuren milimita guda a kowane shafi yana taruwa har littafin ya karkace. Ninka tsirin gida biyu, kai kowane baki tsakiya, sake raba kowane kashi, sannan ka jujjuya ninkin da ya kamata ya koma baya. Goga kowanne da bayan cokali, ka sa wata takarda a tsakani don kada wurin ya yi sheƙi. Duk wannan kafin launi ya taɓa ta.

Tawadar allo tana yi sosai, in dai ƙaro bai yi yawa ba. In ya yi yawa takan yi ƙyalli ta tsattsage, da damina kuma ta yi danƙo. Fentin akirilik ya fi ha'inci: zai bushe a hannu cikin mintuna, amma in ka rufe littafin a ɗaki mai zafi shafi ya kama shafi, wajen buɗewa ya ɗebo fatar takardar. A shafa shi siriri, musamman a bakin ninki, a bar shi a buɗe ya kwana ya wuni. Lokacin hunturu launin ruwa yana bushewa kafin burushi ya kai ƙarshen layi, sai a ga gaɓa-gaɓa a cikin kogin. Dama isasshen shuɗi tun farko, jiƙa wurin kaɗan, ka ja shi da babban burushi a tafiya ɗaya.

Bango kwali biyu ne masu kaurin milimita 2, kowanne ya ɗara shafi da milimita 3 ta ko'ina, wato santimita 11.1 da 15.6 ga littafin mai shafi 10.5. A jikin kwalin ake shafa farin gam na kafintoci, ba a jikin ƙyalle ba, don kada ya ɓullo. Kunun fulawa yana riƙewa da kyau, sai dai yana gayyato kyankyasai da gara. Ƙyallen rinin baba yana da kyau a bango, amma yana zuba, sai an wanke shi har ruwan ya daina shuɗi. Bayan mannawa a sa leda tsakanin bango da shafin farko, a danne da littattafai masu nauyi har gari ya waye.

Mai son kwafi da yawa ya yanke siffofin da reza a jikin tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, ya riƙa dangwala launi ta ramin da soso mai ɗan danshi. In soson ya jiƙe, launi zai kutsa ƙarƙashin fim ɗin ya ɓata baki. Da irin wannan hanyar aka sa launi a littafin da Sonia Delaunay ta yi tare da mawaƙi Blaise Cendrars a Faris a 1913, mai tsawon kusan mita 2. Kowane kwafi a rubuta masa lamba da fensir a shafin ƙarshe, 1/10, 2/10, har su cika, a sa hannu a ƙasa.