Ruwa ne ke ɗaukar kaya, saiwa ce ke riƙewa

Ruwan da ke doron duniya kusan adadi ɗaya ne tun da daɗewa, wurin zama kawai yake sauyawa. Kimanin kashi 97 cikin 100 yana cikin teku, kuma mafi yawan ɗan abin da ya rage daskararre ne a ƙanƙarar Antatika da Girinlan. Zafin rana yana tayar da tururi daga teku, tururin ya yi sanyi a sama ya zama girgije, sannan ya sauko a matsayin ruwan sama. Ruwa ba ya wuce kwana tara a sararin sama bisa matsakaicin lissafi, amma wanda ya nutse can cikin ƙasa yana iya shafe dubban shekaru kafin ya sake fitowa. Wannan kowa ya koya a makaranta. Abin da ya fi jan hankalina shi ne kayan da ruwan ke ɗauka a wannan tafiya, domin tsiro ba ya iya shan wani sinadari daga ƙasa sai wanda ya narke a ruwa.

Mu ɗauki naitirojin. Shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, duk da haka tsiro yana iya mutuwa saboda rashinsa, don ba ya iya amfani da shi a siffarsa ta iska. Sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun sarrafa shi tukuna, walƙiya ma tana yin ɗan abin da ba a rasa ba. Duk wanda ya tumɓuke wake ko gyaɗa ya karkaɗe ƙasar da ke jikin saiwar zai ga wasu ƙananan ƙulli a manne, kuma idan ya fasa ɗaya da farce ya tarar da cikinsa ja-ja, to bakteriyar tana kan aiki. Tsiron yana ciyar da ita da sukari, ita kuma ta ba shi naitirojin. Daga nan dabba ta ci tsiro, kashi da gawa da busasshen ganye su koma ƙasa, gara da tana da funfuna su ruɓar da su, sinadarin ya sake komawa hannun saiwa.

Fosfaras kuwa, wani sinadarin da tsiro ke buƙata, ba ya bin iska ta wannan hanya. Daga duwatsu yake fitowa yayin da ruwa ke cin su sannu a hankali, kuma abin da kogi ya kai ƙarƙashin teku sai bayan miliyoyin shekaru zai dawo tudu. Wani ɓangare yana tafiya cikin ƙura: iska tana kwasar ta daga kwarin Bodele a Chadi, ta tsallake da ita Tekun Atilantika, ta zuba a dajin Amazon, inda yawan ruwan sama ke wanke ƙasa.

A ganina, inda mutane suka fi yin kuskure shi ne ɗaukar tsirrai a matsayin masu cin moriyar wannan zagaye kawai, alhali su ne masu riƙe shi. An gwada hakan a dajin Hubbard Brook da ke jihar New Hampshire a Amurka, inda masu bincike suka sare dukkan itatuwan wani kwari a hunturun 1965 zuwa 1966, suka kuma hana sabon tsiro fitowa. Ruwan da ke gudu a rafin kwarin ya ƙaru sosai, domin babu ganyen da zai mayar da shi sama, kuma naitirojin da ke cikin ruwan ya ninka fiye da sau 40. Ƙasar ba ta daina samar da sinadarin ba, saiwar da za ta tare shi ce ba ta nan.

Mu ma mun shiga zagayen da ƙarfinmu. A 1909 Fritz Haber, wani masanin kimiyya Bajamushe, ya nuna yadda za a haɗa amoniya, sinadarin da ake yin taki da shi, daga naitirojin na iska, a 1913 kuma Carl Bosch ya kai aikin matakin masana'anta a Jamus, daga nan takin zamani ya yawaita. Ban da shi da duniya ba ta iya ciyar da mutanen da ke cikinta yau ba, don haka ba na cikin masu tsine masa. Sai dai abin da amfanin gona bai sha ba, ruwa ne ke kwashewa. Kogin Misisipi yana tattaro ragowar taki daga gonakin tsakiyar Amurka ya zuba a Tekun Meksiko, gansakuka ta yi ta yaɗuwa, ta mutu ta nutse, bakteriyar da ke ruɓar da ita ta shanye iskar oksijin. Kowace shekara idan zafi ya kama, wani yanki mai faɗin dubban murabba'in kilomita yakan zama wurin da kifi ke gudu, abin da ba ya iya gudu kuma ya mutu a ƙasan ruwan.