Inda na kai da imshow da gidajen da suka ƙi yin daidai

Salam 'yan uwa masu koyon Python, ga inda aikina ya tsaya wannan satin. Har yanzu dai ina kan matplotlib, wato library ɗin Python na zana hotuna da jadawali, kuma abin da ya riƙe ni shi ne rigimar nan ta imshow, umarnin da ke mayar da jerin lambobi (array) hoto, ka ba shi array mai gida 100 a tsaye 100 a kwance ya fito maka da hoto wasu gidajen sun fi wasu faɗi. In kuna son ganin abin ƙarara ku haɗa gida baƙi gida fari a jere da np.indices((100,100)).sum(0) % 2 ku zana, wallahi nan take za ku ga wasu layukan sun rame wasu sun yi ƙiba.

To ba data ɗinku ba ce ta lalace, lissafi ne kawai. In ba ka taɓa komai ba matplotlib yana buɗe figure mai inci 6.4 da 4.8 a dpi 100 (fiksel 100 a kowane inci), wato fiksel 640 da 480 kenan, amma ba duka yake ba hoton ba, sai ya cire gefe saboda lambobi da rubutu, abin da ya rage a tsaye kashi 77 cikin 100 ne, kusan fiksel 370. Yanzu raba 370 ga gida 100, kowane gida zai samu 3.7, shi kuwa sikirin bai san rabin fiksel ba. Kamar ka raba goro 370 ga mutum 100 ne ba tare da ka fasa ko ɗaya ba, dole wajen mutum 70 su tashi da huɗu sauran da uku. Shi ya sa hoton MNIST (hotunan nan na lambobin da aka rubuta da hannu) mai gida 28 da 28 ba ya nuna abin sosai, can 13 da 14 ake rabawa, ido ba ya kamawa.

Canza interpolation, wato yadda imshow ke cike fiksel in yana faɗaɗa hoto, bai gamsar da ni ba gaskiya. 'bilinear' shafe gefunan kawai yake yi hoton ya yi dishi-dishi, an ɓoye matsalar ne ba a gyara ta ba. 'none' kuma yana da amfani in PDF ko SVG za ka ajiye, don a can yana saka hoton yadda yake, amma a PNG shi da 'nearest' duk ɗaya ne.

Abin da ya yi min aiki shi ne tilasta rabon ya fita cif. figsize=(5,5), dpi=100, sai fig.add_axes([0,0,1,1]) don hoton ya cinye filin gaba ɗaya, a kashe axis, kowane gida ya samu fiksel 5 babu ragowa. In kuma hoton kaɗai kake so ba lambobin gefe, ka faɗaɗa array ɗin da np.repeat ta ɓangare biyun ka ajiye da plt.imsave, ni wannan ya fi kwanta min.

Sai dai ku kula fa, ko fayil ɗin ya fita daidai burauza ko manhajar duba hoto na iya sake matse shi, ku buɗe a 100% kafin ku ce bai yi ba. Abin da ya rage min yanzu shi ne saka colorbar, sandar nan mai nuna ƙimar kowane launi, ba tare da ya ci filin hoton ba, ina ganin sai na ba shi nasa axes ɗin daban da hannu.