Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Maroƙi Mai Kwat

Makon jiya na tsaya a inda na ajiye karatun haɗa magunguna na koma sashen Turanci, ban shawarci kowa a gida ba. Wasunku sun tambayi abin da ya ja ni. Turawan Ingila ne, matattu ma kuwa, waɗanda ake kira mawaƙan Romantik, wato marubuta waƙa na ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19.

Da labari ya isa wa Baffa bai yi faɗa ba. Yana zaure yana yanke farce da reza, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Mawaƙi maroƙi ne, ko da ya sa kwat." Shi ke biya min kuɗin makaranta tun rasuwar Malam, burinsa in buɗe kemis a bakin kasuwa. Allah ya jiƙan Baffa, amma maganar nan har yau tana ci na.

John Keats ne ya fara ɗauke min hankali. An haife shi a Landan a 1795, ubansa mai kula da dawakan haya ne, kuma kafin ya cika sha biyar ya rasa uwa da uba. Aka kai shi koyon aikin magani da tiyata, ya shiga asibitin Guy's, ya sami lasisi a 1816, sannan ya watsar ya kama waƙa. A 1818 mujallar Blackwood's ta Edinbara ta yi masa kaca-kaca, ta ce ya koma shago wajen filasta da ƙwayoyi, wai gara mai magani mayunwaci da mawaƙi mayunwaci. Ranar da na karanta wannan a laburare sai da na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe Baffa na da dangi a can. Shekara ɗaya bayan zagin nan Keats ya rubuta waƙoƙin da ake karantawa har gobe. Tarin fuka ya kashe shi a birnin Rum a 1821, yana da shekara 25.

Maroƙi fa mai abin hannu yake bi. Su waɗannan wa suka bi? A 1798 biyu daga cikinsu, Wordsworth da Coleridge, suka fitar da littafin waƙoƙi mai suna Lyrical Ballads, cike da makiyaya da mabarata da tsofaffin da ƙarfi ya ƙare wa, kuma Wordsworth ya dage a rubuta waƙa da harshen da talaka ke magana da shi. William Blake ya yi wa yaran da ake cusawa cikin bututun hayaƙi su share shi waƙa. Zamani ne na juyin juya halin Faransa na 1789, masana'antu kuma na kwashe mutanen karkara zuwa birni. Wane ɗan share hayaƙi ne zai yi maka kyautar riga? Na shirya wannan amsa tsaf, na je hutu, da na durƙusa gaban Baffa sai bakina ya mutu.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya masa ba. Wordsworth ɗin nan, da ya yi murnar juyin Faransa yana saurayi, a 1813 ya karɓi aikin gwamnati na raba kan sarki na haraji, a 1843 kuma aka naɗa shi mawaƙin fadar Sarauniya Biktoriya. Shelley ma, wani mawaƙin Romantik, tun da wuri ya rubuta masa waƙar gori cewa ya bar gaskiya. Da Baffa ya ji wannan da na shiga uku.

Kemis ɗin dai an buɗe, Yaya Babba aka ba. Na yi shekaru ina koyarwa ina tura mashin, shi yana sauya mota, a wurin biki ko suna kuma sai ya ce, "Ga maroƙinmu ya iso." Shi ne dai daga baya ya sallama min da magariba riƙe da hannun autarsa, wai jarrabawar adabi ta gabato, ba ta gane waƙar Keats ba. Na shimfiɗa tabarma na koya mata, ko sisi ban karɓa ba, sai dai na sa ya zauna ya ji karatun har ƙarshe.

Na tsallake shekarar bautar ƙasa, zan dawo mata. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu sai maganar auren 'yar Goggo, da yadda kalmar nan ta Baffa ta riga ni isa gidansu.